Allon Tungar Marke Bai Sauka Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma, babu mai tsallake layinsa. Ranar Talata, goma sha biyu ga watan Sha'aban 1446, wadda ta yi daidai da sha ɗaya ga Fabrairun 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Halliru Mai Allo a gidansa da ke bayan tashar mota ta Wurno, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Ina zaune bakin rumfar masu albasa ɗansa Uwaisu ya zo ya durƙusa gabana. Da ganin fuskarsa na gane. Bayan azahar munka kai shi makwancinsa.

Halliru, kai taubashina ne, ɗan gwaggona. Shekara saba'in da ɗoriya ina ce maka bawana, kai kuma kana ce mini direban da rami ke gani ya yi murna. Yau ka bar mini filin, kuma filin babu daɗi. Amma ba kuka na zo yi a takardar nan ba. Kukan mun yi shi a zaure. Na zo in faɗi abin da ka yi ne, domin ka tafi da nasara a hannunka, kuma bai kamata a rufe ta tare da kai ba.

Bari in fara da yi wa yaran yanzu bayani, tun da su abin da sunka sani shi ne su daga hannu kabu-kabu ya tsaya. A tasha irin tamu, kowace hanya tana da allonta. Allon katako ne, an rubuta sunan gari a jikinsa, ana ɗora shi bisa kan motar da ke kan layi. Motar da allo ke kanta ita ke lodi. In ta cika ta tashi, a ɗauke shi a ɗora wa mai bi mata. Kowane allo kuma yana da gurbinsa a tasha, wani gindin itacen bedi, wani jikin katanga. Ban da wannan, a can kan hanya, duk inda mota ta saba tsayawa, akwai ɗan allon ƙarfe da ake kafawa da ƙusa a jikin itace, domin mutanen ƙauye su san inda za su jira. Waɗannan alluna duka, na katako da na ƙarfe, daga Dinawa har Tursa, daga mashigar Rabah har ƙauyukan da ke kallon Goronyo, hannun mutum ɗaya ne ya yi su. Hannunka ne.

Ka fara tun zamanin motoci masu bodin katako, lokacin da fasinja da buhun gero da tunkiya ke zama wuri guda babu mai ƙorafi sai tunkiyar. Kana yanka murfin tsohon duro ko gefen kwanon rufi, ka daddake bakinsa don kada ya yanki yaro, ka shafa fenti, ka rubuta sunan gari da boko a sama, da ajami a ƙasa. Wata rana wata tsohuwa mai zuwa suna Rabah ta shiga motar Goronyo, ba ta farga ba sai da ta ga kasuwar da ba ta sani ba. Da anka dawo da ita da yamma, tasha duka dariya ake yi. Kai kaɗai ba ka yi ba. Ka ce laifin allo ne, allon da tsohuwa ba ta iya karantawa ba bai gama aikinsa ba. Daga ranar ka fara zana hoto a gefen kowane suna. Garin albasa ka yi masa albasa, na masunta kifi, mashigar ruga ƙwaryar nono. Na tuna na ce maka kifin nan naka ya fi kama da takalmi. Ka ce, "Bari dai, Abdu, masu shi sun gane abinsu." Sun kuwa gane. Har yau a ƙauyukan nan akwai matan da ba su cewa motar gari kaza, sai dai motar kifi, motar ƙwarya.

Alherinka a tasha ba ya ƙirguwa, kuma ba zan gwada ba. Randar ruwan da ke gindin bedi kai ka kafa ta, kai ke cika ta. Kayan da anka manta a mota ɗakinka suke kwana har mai su ya zo. Akwai akuyar da wani mutumin Tursa ya manta ɗaure a jikin turke ranar kasuwa, ya tafi ci-rani bai waiwayo ba. Da ya dawo gab da damina yana tambaya cikin jin kunya, ka fito masa da ita da 'ya'yanta biyu, har kana ba shi haƙuri wai ta rame kaɗan. Matarka Habi ta ce da ta san haka auren mai allo yake, da ta nemi a sa mata dusa cikin lefe.

Amma abin da baƙi ke zuwa kallo shi ne zaurenka. Al'adar tasharmu ce tun dauri: allon da ya ga kasuwa uku a jere bai tashi da fasinja ba, layinsa ya mutu. Sai a sauke shi, a ba wata hanya gurbinsa, kuma gurbin da ya tafi ba ya dawowa. Mai allo shi ke saukewa da hannunsa. Kai kuma ba ka yarda a yi makamashi da shi ba, ba ka sayar wa 'yan gwangwan da na ƙarfen ba. Sai ka hau keke ka bi hanyar da ta mutu, ka ciro allunan daga jikin itatuwa, ka kawo ka jera a bangon zaure. Shekara da shekaru bangon ya cika. Wasu tsatsa ta cinye rabin sunan, wasu itace ya haɗiye gefensu har sai da ka sassaƙo su da ɓawon.

Duk wanda ya zauna a zauren nan sai ya sha tarihi, ko yana so ko ba ya so. Ka nuna wannan ka ce, hanyarsa ta mutu shekarar da kwalta ta bi ta gabas ta bar su a yamma. Ka nuna wancan ka ce, wannan ruwa ya hau hanyarsa da anka tare gulbi. Wancan kuma kasuwarsu ce ta tashi. Ka san direban da ya fara buɗe kowace hanya, ka san motarsa, ka san inda take kafewa da wanda ke fitowa da shanu ya ja ta. 'Yan makaranta sun sha zuwa suna ɗaukar hoto da waya, suna cewa kayan tarihi, abin sha'awa. Kana barinsu su ɗauka. In sun tafi sai ka ce mini, "Su sha'awa suka gani. Ni kaburbura nika gani." Domin ka lura da abin da mu direbobi ba mu tsaya mun lura da shi ba. Garin da allonsa ya shigo zaurenka, ba a daɗewa sai ka ji mai shago ya tashi, malamin makaranta ya nemi canji, samari sun tafi birni, an bar tsofaffi da kaji. Ba yunwa ke fara kashe ƙauye ba, in ji ka, rashin mota ne ranar kasuwa.

Wannan ya kawo ni ga Tungar Marke, ƙauyen masunta da manoman fadama da ke can ƙetaren wata ƙorama, da rugar Fulani a gefensa. Allonsu kifi ne da ƙwarya tare. Layinsu ba mai kawo riba ba ne, mota ɗaya ce ranar kasuwa, ta wani direba Lukman, amma da ita kifinsu da nononsu da albasarsu ke isowa Wurno, da ita kuma ake kawo mai naƙuda asibiti. A daminar da ta wuce ruwa ya zo da ƙarfi ya tafi da kwalbatin da ke kan ƙoramar, ya bar rami wanda raƙumi zai shiga a nemi tozonsa. Lukman ya je ya duba, ya juyo, ya koma layin Goronyo. Ba a ga laifinsa ba, yana da iyali.

Kasuwa ta farko ta wuce, allon na jingine a gindin bedinsa. Ta biyu ma haka. Gurbin nan kuwa ido na kansa, domin yana bakin ƙofa, ga inuwa, kuma masu layin Sakkwato sun daɗe suna son ƙarin wuri. Sarkin tasha, Alhaji Sa'adu, mutum ne mai gaskiya, kuma yana girmama ka, amma al'ada al'ada ce. Ya same ka a gabana ya ce, "Baba Halliru, ka san abin da ya saura. In kasuwa mai zuwa ta tashi, sai ka yi aikinka."

Ka ce, "Na sani, Sarki. Ni na koya maka."

Ya ce, "To, mi za a yi? Ba ni na ɗauke kwalbati ba."

Ka ce, "Bangona ya cika. Ba ni da wurin rataya wani."

Munka ɗauka magana ce irin ta tsofaffi. Ashe ka riga ka hau kabu-kabu ka je bakin ramin, ka yi ta kira har Ƙasimu, wani masunci na tungar, ya zo da jirginsa ya ƙetare da kai. Ka kwana can. Ka zauna da shi, ka zauna da Hamidu, Bafillacen da ke da bijimai biyu na huɗa da amalanke. Abin da kunka ƙulla ba mu sani ba sai ranar kasuwa ta uku.

Ranar, da hantsi, tasha ta cika, sai ga amalanken shanu ya kunno kai ta ƙofar da motoci ke shigowa. Hamidu na gaba da sandarsa a kafaɗa. A bisa akwai kwandunan kifi, da ƙore, da mata huɗu ko biyar, cikinsu har da Mairama, yayar Hamidu, wadda ta fi shekara talatin tana kawo nono Wurno. Ƙasimu ya ƙetaro da su da jirgi, Hamidu ya ɗauko su daga wannan gaɓar. Amalanken ya zo ya tsaya cak a gindin bedi. Ka tashi ba gaggawa, ka kakkaɓe allon da hannun riga, ka ɗaure shi a kan amalanken da igiya, ka gyara murya irin ta ɗan kamasho, ka fara kira: Tungar Marke, Tungar Marke, saura mutum uku.

Tasha ta kwashe da dariya har masu shayi sunka bar tukunyarsu. Wani direba ya ce a duba wa motar nan mai. Wani ya ce taya huɗu gaba, huɗu gaba, biyu baya, wannan ai tirela ce. Wani ya tambayi Hamidu ko yana da lasin. Hamidu dai yana ta korar ƙuda daga idon bijiminsa. Mairama ce ta juyo ta ce, "Ku yi ta dariya. Wagga ko ba ta da hon, ta zo. Taku fa?" Dariyar ta ɗan ragu.

Alhaji Sa'adu ya zo ya tsaya, ya daɗe yana kallon shanun. Ya ce, "Baba, wannan ba mota ba ce."

Ka ce, "Ban ce mota ce ba. Zamanin da anka buɗe layin ga, kai kana goye, motar kan kafe a fadama, shanu su ƙarasa da mutane, ba wanda ya ce layi ya mutu. Ka tsaya ka gani in za ta tashi da fasinja."

Da la'asar ta tashi da fasinja, cike, har da buhun gishiri da jarkar kananzir. Kai ma ka hau, ka zauna a baya ƙafafunka na reto, ka raka su har bakin ruwa. Alhaji Sa'adu ya juya ya ce wa masu layin Sakkwato su ƙara haƙuri.

Da a nan ka tsaya, da labari ne na ban dariya da za a yi mako ana yi. Ba ka tsaya ba. Kowace kasuwa, daga tsakiyar damina har kaka ta shigo, har anka fara dashen albasa, amalanken nan bai fasa ba, kai ma ba ka fasa ba. Ruwa ya dake ka a hanya ba sau ɗaya ba. Habi ta yi faɗa, 'yarka Sharifa ta zo daga gidan mijinta ta yi nata, ni ma na yi nawa. Na ce maka, bawana, jikin nan ba na jiya ba ne, ka bar Hamidu ya yi ta kai da kawo. Ka ce in ba ka nan wata rana za a ce shanu sun gaji, a bari sai mako mai zuwa, kuma ka san yadda mako mai zuwa ke zama allo a bangon zaure. Sai na ce ai dama ɗan mace taurin kai gare shi.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba a zamana na tasha. Dariya ta koma kunya, kunya ta koma magana. Direbobi sunka fara cewa, yanzu tsoho da shanu ne za su riƙe layi mu muna zaune? Mutanen tunga kuma, da sunka ga gurbinsu na nan ba a ba kowa ba, sunka ce ashe akwai abin da za a gyara hanya dominsa. Da ruwa ya janye anka kira gayya. Masunta sunka zo da buhuna suna cika su da yashi. Fulani sunka zo da shanu suna jan duwatsu. Manoman fadama sunka bar dashensu sunka zo da shebur da kwando. Wani mai walda ya haɗa tsofaffin durorin da za su zame wa ruwa mafita. Alhaji Sa'adu da kansa ya nemo tifa ta yi ta zubo marmara, ya tuɓe babbar riga ya shiga cikin taɓo. Ba aikin injiniya ba ne, kuma ba mu ce zai kai shekara goma ba. Amma mota za ta hau.

Ta kuwa hau. Ranar wata kasuwa cikin watan Rajab, Lukman ya wanke motarsa ya kawo ta gindin bedi. Lokacin ka fara jin jiki, tari ya kama ka, tafiya sai da sanda. Ka ce a kai ka. Hamidu ya kwance allon daga amalanke ya miƙa maka da hannu biyu. Ka riƙe shi, ka duba kifin da fentinsa ya koɗe, ka miƙa wa Lukman ya ɗora bisa mota. Anka sa ka gidan gaba, ni ina gefenka. Da munka zo kan sabon cikon, Lukman ya sa giya ɗaya yana lallaɓawa, motar na rangaji. Da tayar baya ta taka ƙasar tunga, mata sunka saki guɗa daga gaɓa har cikin gari. Yara na bin mota da gudu, tsofaffi na ɗaga hannu suna kabbara. Ƙasimu ya zo da wani babban kifi a rungume, wai naka ne. Na dube ka in ga ko za ka yi hawaye in samu abin tsokana. Ba ka yi ba. Ka leƙa ta taga kana duban marken da ke bakin gari, ka ce, "Abdu, allon can ya karkace. Ƙusa ɗaya ta fita." Sai da anka nemo guduma ka ga an gyara shi kana ka yarda ka sauko.

Wannan ce fitarka ta ƙarshe. Ba zan ce daminar nan ce ta kai ka ba, domin kwana idan ya ƙare ko a kan katifa kake sai ka tafi. Abin da na sani shi ne ka zaɓi abin da za ka kashe sauran ƙarfinka a kai, kuma ka ga amfaninsa da idonka. Mutane da yawa ba su samu haka ba.

Ranar jana'izarka ba ranar kasuwa ba ce, amma Lukman ya yi sawu ya koma ya sake yi. Mutanen Tungar Marke sunka cika sahu, masu warin kifi da masu warin nono, kafaɗa da kafaɗa da direbobin Sakkwato da sunka so gurbinsu. Mairama ta zauna cikin gida wajen Habi har rana ta faɗi. Bayan an dawo, Alhaji Sa'adu ya tara mu ya ce zauren zai zauna yadda ka bar shi, kada a ciri ko ƙusa, kuma Uwaisu ne zai riƙe fenti da burushi. Uwaisu ya ce hannunsa bai kai naka ba. Na ce masa kada ya damu, kifin ubansa ma sai da anka yi haƙuri da shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Habi, wadda ta yi zama da kai da allunanka da akuyoyin mutane ba ta gaji ba, da Uwaisu da Sharifa da sauran 'ya'ya da jikoki, da dangi na Wurno da na Rabah. Ina miƙa ta ga Alhaji Sa'adu da dukan direbobi da 'yan kamasho na tasharmu, da Hamidu da mutanen ruga, da Ƙasimu da jama'ar Tungar Marke, waɗanda rashin nan nasu ne kamar yadda yake namu. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Waɗanda ba su samu zuwa gaisuwa daga tunga ba, kada su damu, mota na nan ranar kasuwa a inda sunka saba samunta.

Ya Allah, ga bawanKa Halliru ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ya yi rayuwarsa yana nuna wa bayinKa hanyar gida, mai karatu da wanda bai yi ba. Ka sanya duk matafiyin da ya isa lafiya ta dalilinsa ya zama nauyi a mizaninsa. Ka sauƙaƙa masa ƙetare siraɗi, Ka saukar da shi a Aljannar Firdausi. Mu da muke zaune muna jiran namu lodin, Ka sa mu cika da imani. Amin.

Abdulƙadir Tsohon Direba, Wurno.